Tankin da Yahuza Ya Hana Ruwa

Duk direban da ya ci hanyar Birnin Kudu zuwa Gwaram a shekarun baya ya san Yahuza, in bai san sunansa ba ya san hularsa. Wata jar hula ce mai baki, irin ta 'yan ƙwallo, wadda wani kamfanin baƙin mai ya raba tun zamanin da kamfanoni ke rabon kaya. Da ita yake zuba mai, da ita yake zuwa ɗaurin aure, sallah ce kaɗai ke raba shi da ita. Ni sunana Ƙasimu, direban bas ne a wannan hanya, kuma taubashinsa: uwata da ubansa ciki ɗaya suka fito a Farin Dutse. Don haka ina da damar faɗa masa duk abin da ya zo bakina, kuma ban taɓa yi masa rowar wannan ba.

Gidan man da ya yi wa aiki na Alhaji Gwadabe ne, ɗan ƙarami, famfo biyu da rumfar kwano, a wani kwari gefen fadama ba nisa da garin Sara. Ƙarƙashin daɓen simintin akwai babban tankin fetur guda ɗaya a binne, ba abin da ake gani sai murfinsa. Yahuza ya shiga wurin yana saurayi, a wurin gemunsa ya yi fari. Noma bai karɓe shi ba, kasuwa ma bai iya ta ba. Matarsa Zuliha daban take wanke kayansa, daban take shanya su, ta ce in ba haka ba har tuwon gidan sai ya yi warin fetur. Shi kuwa bai yarda da kalmar wari ba, ƙanshi yake cewa.

Wanda bai ga ranar zuwan tanka a gidan man nan ba bai san Yahuza ba. Direban tankar, Haladu, wani dogon Bakano mai dariya da ƙarfi, tun daga nesa yake danna wani ham mai ja wanda duk yankin an gane shi. Kafin ya gama juya motar, masu injin ban ruwa sun fito da jarkoki, masu niƙa sun biyo baya, 'yan acaɓa sun yi layi, mai awara ta hura wuta. Amma ba wanda zai samu ko ɗigo sai Yahuza ya gama bidi'arsa. Zai ɗauko sandar awo, wata doguwar sanda mai zane-zane, ya lakato wani ɗan man shafawa da ke cikin gwangwani ya goga a ƙarshenta. Man nan in ya taɓa ruwa rinewa yake ya koma ja. Sai ya hau kan tankar ya zura sandar a kowane ɗaki nata, ya sauko ya buɗe tankin ƙasa ya zura, ya zaro, ya ɗaga wa jama'a su gani.

"Ku shaida," haka yake cewa, "ɗigon ruwa bai taɓa kwana a tankina ba."

Nakan ce masa, "Tankinka? Yaushe Alhaji ya raba gado ban ji ba?"

Ba ya kula ni. Gaskiya kuma ɗaya ce, motar da ta sha man gidan Gwadabe ba ta tari a hanya. Mu direbobi mukan wuce gidajen mai a cikin gari da ɗan abin da ya rage mana, mu lallaɓa har kwarin nan.

Ina kewar lokacin, ba zan ɓoye ba. Ba wai muna da wani arziki ba ne. Amma mutum kan tsaya ya sha mai, ya sha ruwan randa, ya yi sallah a ɗan masallacin da aka kewaye da duwatsu, ya zagi taubashinsa, ya wuce da zuciya wasai.

Abin bai lalace a rana ɗaya ba. Da farko Haladu ya zo da labarin cewa matatar da ke ba daffon da suke lodi mai ta tsaya, ana gyara. Gyaran nan har Haladu ya aurar da 'ya'ya ba a gama shi ba. Aka koma jiran man da ake shigowa da shi ta jirgin ruwa, tanka ta riƙa tafiya har Kudu. Masu izinin shigo da man kuwa 'yan tsiraru ne, kuma kowannensu da nasa gidajen man da zai fara ciyarwa. Ƙaramin dillali irin Alhaji Gwadabe sai ya biya ya koma gefe yana jira a kira shi lodi, in yana son layin ya motsa sai ya ga wani, wanin ma ya tura shi wurin wani. Alhaji mutum ne mai taurin kai, ya ce ba zai ba da na goro don a ba shi abin da ya saya da guminsa ba. Tanka ta koma zuwa jefi-jefi, wani zuwan ma rabin lodi. Daga baya Alhaji ya kwanta ciwo, Allah ya yi masa rasuwa, gidan man ya faɗa hannun ɗansa Abdulnasir, wanda ke zaune a Kano.

Da aka cire tallafin mai, sai komai ya tsaya cik. Kuɗin tanka ɗaya ya fi ƙarfin yaron. A Birnin Kudu kuma wani katafaren gidan mai ya tashi, famfuna reras, fitilu kamar gidan biki, suna sayarwa ƙasa da yadda ƙaramin dillali zai saro. Mu da muke rantsuwa da man Yahuza duk can muka koma, har ni. Tankin ƙasa ya ƙafe ƙarƙaf. Mai awara ta kwashe kaskonta, mai shayi ya bi ta.

Yahuza kaɗai bai tafi ba. Kullum da safe zai hau kekensa ya zo, ya share daɓen, ya goge famfunan da tsumma, ya tuge ciyawar da ta leƙo ta tsagin siminti, ya buɗe murfin tankin ya zura sanda a cikin abin da ya san babu komai. Sai ya zauna a benci da rediyonsa. A rediyon manya ke ta faɗa da juna: wannan ya ce wancan na son ya mallake kasuwar shi kaɗai, wancan ya ce wannan gurɓataccen mai yake shigowa da shi. Yahuza yana sauraro kamar labarin danginsa ake yi. Da ya ji an ce sabuwar matatar mai ta fara aiki a ƙasar, har Gwaram ya biyo ni tasha don ya faɗa mini, fuskarsa fal murna. Tankoki kuwa sun dawo hanya, gaskiyarsa. Wucewa kawai suke yi ta gabansa, yana bin su da ido har su sha kwana.

Na nemar masa aiki a sabon gidan man, da ƙyar da roƙo, don su samari suke so. Na kawo masa albishir ina jiran godiya.

Ya ce, "To in tankar ta zo, wa za ta tarar?"

"Wace tankar, Yahuza? Wadda ubanka ya yi oda?"

"Abdulnasir ya ce an sa mu a layi."

Raina ya ɓaci. Zuliha na can tana ƙulla gyaɗa da dakau don a ci a gidan, shi yana nan yana gadin iska. Na faɗa masa haka, ya yi murmushi ya ce in gaishe da fasinjojina.

Gab da faɗuwar damina Haladu ya bi ta hanyar. Ya daɗe da barin tanka, tifar yashi yake ja yanzu. Ina wurin, na tsaya zuba wa mota ruwa. Bayan sun rungumi juna sun gama tsokanar furfurar juna, Haladu ya taka daɓen, ya buga ƙafa a kan murfin, ya ji yadda cikin ya amsa. Dariyarsa ta ɗauke.

Ya ce, "Malam Yahuza, wannan tankin wayam yake?"

"Tsaf yake, a bushe. Yana jiran ku."

"To ka cika shi da ruwa kafin damina ta zauna."

Yahuza ya dube shi kamar ya zagi iyayensa. Haladu ya yi masa bayani a hankali. Ya ce tankin ƙasa nauyin man da ke cikinsa ne ke danne shi. In ya zama fanko, kuma ga shi a bakin fadama, ruwan ƙasa na tasowa zai ɗago shi, yadda jarka mai murfi ke ƙin nutsewa a kogi. Bara an tsira ne don ruwan bai yi yawa ba. Duk gidan man da aka daina kawo wa kaya haka ake yi masa, a cika tankin da ruwa a rufe.

"Gidan da aka daina kawo wa kaya," in ji Yahuza. "Namu ba a daina ba. Jinkiri aka samu."

"Ko jinkirin ne, ka zuba. In mai ya zo sai a zuƙe."

"A zuƙe, a wanke, a jira ya bushe? Wane direban ne zai tsaya yana jirana, Haladu? Kai da kanka ka taɓa jiran wani? Juyawa zai yi ya kai wa na Birnin Kudu. Kuma duk wanda ya ji an cika tankin Gwadabe da ruwa ya san an yi wa gidan sallah an binne."

Na sa baki na ce ga injin ban ruwa a wurin ƙanena, ga fadama a bayanmu, aikin yini ɗaya ne. Da muka matsa masa, sai ya ciro waya ya kira Abdulnasir, ya sa ta a fili don mu ji. Yaron yana cikin hayaniyar kasuwa, da alama ma bai fahimci tambayar ba. Ya ce, "Baba Yahuza, duk yadda ka gani daidai ne. Tanka dai tana nan tafe, in sha Allahu." Har yau in na tuna wannan magana sai na ji haushin yaron. Shi ya faɗe ta ne don ya rabu da tsoho, tsohon kuwa ya karɓe ta hannu biyu.

Yahuza ya mayar da wayar aljihu ya ce, "Kun ji dai."

Haladu ya hau tifarsa yana girgiza kai. Ni kuma na ce masa wawa, kuma wannan karon ba da wasan taubasantaka na faɗa ba.

Daminar ta zo da ƙarfinta. A watan Agusta aka yi kwanaki sama ba ta ɗaga ba, fadama ta cika ta haura gonaki. Wata ranar kasuwar Sara, bayan la'asar, na taso daga Birnin Kudu da fasinjoji, ruwan ya ɗan tsagaita. Tun daga kan tudu na hango mutane cirko-cirko a gidan man. Na faka na sauko.

Daɓen ya tsage gida biyu. Tankin ya turo ƙasa ya fito, baƙin bayansa duk laka, gefe ɗaya ya ɗaga sama. Bututun da ke haɗa shi da famfuna sun tsinke, famfo ɗaya ya kife, ɗayan ya karkace ya jingina da ƙarfen rumfa. Waɗanda abin ya faru a gabansu suka ce a hankali ya taso, simintin na ƙara yana farfashewa, Yahuza na tsaye yana kallo. Ba sai an gaya wa kowa ba, gidan man Gwadabe ya ƙare. Ko tanka goma suka zo yanzu babu inda za su sauke.

Na zo da maganganu cike da bakina, amma da na ga fuskarsa sai suka gudu. Ya shiga ɗan ofishin ya fito da sandar awo da gwangwanin nan. Ya tattare wando, ya taka laka, ya dafa ya hau bayan tankin yana zamewa, mutane na ce masa ya sauko. Ya buɗe murfin. Ya lakato man ya shafa a ƙarshen sandar, ya zura ta har ƙasa, ya ɗan jira yadda ya saba, ya zaro. Bai ɗaga wa jama'a ba wannan karon. Ni ya miƙo wa.

"Ƙasimu, duba."

Na duba. Man yana nan yadda ya shafa shi, bai rine ba.

"Ko ɗigo," in ji shi.

Na ce, "Na shaida, taubashi." Na juya baya don kada fasinjojina su ga idona.

Bayan damina Abdulnasir ya sayar da filin da duk abin da ke kansa. Tankin wani mai buga bulo ne a bakin Birnin Kudu ya saya, ya ɗora shi a kan ginshiƙai, ya sa masa kan famfo, yana tara ruwan kwaɓa siminti. Yahuza ya koma Farin Dutse, yana taya Zuliha kai gyaɗa kasuwa, sandar awon na jingine a bayan ƙofar ɗakinsa. Ban gaya masa inda tankin ya koma ba, amma a garuruwanmu labari ba ya jiran mota.

Kwanakin baya ya shiga motata zai je asibiti a duba masa ido. Yana gidan gaba kusa da ni, da jar hularsa da ta koɗe. Muna isowa wurin masu bulon ya dafa hannuna ya ce in tsaya. Fasinjoji suka fara gunaguni, na ce wanda ke sauri ya sauka ya tashi sama. Ya tsallaka titi a hankali, ya yi wa ma'aikatan sallama, ya tsaya gaban tankin. Ya shafa gefensa. Sai ya murɗa kan famfon, ya tara hannu biyu, ya kai ruwan hancinsa, ya daɗe a haka.

Da ya dawo ya zauna ya ja ƙofa, na tayar da mota. Sai da muka yi nisa ya sake shinshina tafin hannunsa.

Ya ce, "Har yanzu da sauran ƙanshin, Ƙasimu."