Huda ta Uku a Madubin Marigayiya

Edita, na daɗe ina karanta abin da mutane ke rubutowa a wannan shafi, yau dai na ce bari ni ma in sauke nawa. A shekarun da ake ta gine-gine a Minna bayan ta zama babban birnin jiha, ina ɗan shekara talatin da 'yan kai, sana'ata aikin famfo da manna tayil a banɗakunan manyan ma'aikata. Na iya aiki, ba yabon kai ba, amma girman kaina ya fi iyawata. Abin da ya ƙara kumbura ni shi ne injin huda na lantarki da na sayo a Kaduna, haɗe da wani ɗan bakin huda mai garin daimon, wato lu'ulu'u, a tsininsa, wanda yake cin tayil da gilashi. Duk unguwarmu babu mai irinsa, ko masallaci zan je sai in ji kamar in rataya shi a kafaɗa.

Wata safiya wani dattijo a Fadikpe ya aika a kira ni. Kirista ne ɗan asalin Paiko, ya yi ritaya daga reluwe, ni kuwa ban damu in tambayi wane aiki ya yi a can ba. Ya nuna mini wani dogon madubi da gara ta cinye katakonsa. Ya ce na matarsa ne da ta rasu bara, shi ya sayo mata shekarar da suka yi aure, a gabansa take ɗaura kallabi duk Lahadi kafin su tafi coci. So yake in huda kusurwa huɗu a kafe shi a bangon falo, ya riƙa ganinsa daga inda yake zama. Muka shimfiɗa shi a kan bargo a baranda, ya ce in dakata masa yana zuwa, ya shige ciki. Na ɗauka ruwan sha zai kawo wa baƙo.

Wallahi na san yadda ake yi, maigidan da ya koya mini aiki bai ɓoye mini komai ba. Ana kewaye wurin hudar da yumɓu, a zuba ruwa a ciki don kada bakin ya yi zafi, a bi a hankali ba tare da dannawa ba. Amma maƙwabta sun taru kallon inji, ga shi ina gudun kada a ɗauke wuta, sai na ga kwaɓa laka a gaban jama'a zai zubar mini da aji. Na kunna inji na hau gilashi a bushe. Hudar ƙasa guda biyu suka fita lafiya, mutane na ta mamaki, ni kuma na ƙara wa hannuna nauyi. A ta uku, kusurwar sama, sai na ji ƙas! Tsaga ta tashi daga ramin ta ratsa madubin har ɗaya gefen.

Daidai nan dattijon ya fito. Kafin ya buɗe baki na tare shi da ƙarya, na ce ai dama madubin yana da tsohuwar tsaga, tsufa ne ya kashe shi. Sai a sannan na lura da abin da ke hannunsa: kwanon ruwa da dunƙulen yumɓu. Ya ajiye su, ya shafa farin garin da ke bakin ramin ya ji shi a bushe, ya taɓa tsinin injin ya janye yatsa don zafi. Sai ya juya ya sallami maƙwabta cikin raha, ya ce kallo ya ƙare. Da muka rage mu biyu ya gaya mini shekara talatin ya yi a shagon gyaran taragu, gilashin da ya huda ba zai ƙirgu ba. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na durƙusa na ce Baba ƙarya na yi, gaggawa da son a yaba ne suka ja ni, ya yafe mini.

Ya daɗe yana kallon madubin, idonsa ya cika da ƙwalla. Can sai ya yi ɗan murmushi, ya kira ni ɗansa, ya ce marigayiyar gajera ce, ko ta yi ɗage ba ta kai inda tsagar ta bi. Wannan ɓangaren na sama nasa ne, a cikinsa yake gyara hula in ya tsaya a bayanta. Ya ce rabonsa na fasa, nata yana nan lafiya, in tashi mu ceci nata. Muka yanke saman a miƙe, ya kewaye wurin da yumɓu da hannunsa, yana ɗiga ruwa ina hudawa a hankali, in na soma dannawa sai ya taɓa gwiwar hannuna. Huda biyu suka kai mu har azahar. Muka kafe shi daidai tsayinta.

Har ya bar duniya ban ji wannan magana a bakin kowa ba, kuma da ya so, kalma ɗaya ta isa ta kashe mini suna a garin nan. Ina gode masa har gobe. 'Yan'uwana masu sana'a, kayan aiki ba ya maye gurbin haƙuri, kuma abin da aka miƙo muku ku gyara, ku tambayi labarinsa kafin ku ɗora masa inji. In kun yi ɓarna ku faɗa da bakinku. Yau na tsufa, injina sun canza sau da yawa, amma jakata ba ta rabuwa da dunƙulen yumɓu, kuma ban sake huda gilashi ba sai mai shi yana tsaye a kaina.