Akwatin Haske da Aka Kai Tibiri

Wata Laraba ce cikin bazara, shekarar da nake aji biyu na kolej a Maraɗi, Mushe Harou malamin kimiyya ya sa muka rufe tagogin aji, ya bar 'yar ƙofa ɗaya ƙarama a jikin kwanon taga inda rana ke shigowa. Ya riƙe wani guntun gilashi da ya baƙanta da hayaƙi, ya ja mashi layi biyu sirara da reza, ya ce mu zo ɗaya bayan ɗaya mu leƙa. Da layi ya zo kaina na kanga ido, sai na ga haske ya rarrabu zane-zane, fari da baƙi a jere kamar saƙar tabarma. "Haske biyu in sun gamu, wani wuri su ƙaru, wani wuri su kashe juna," in ji shi. Ya ce da wannan dabara masana taurari ke haɗa hasken manyan madubai biyu masu nisa da juna, su duba zanen da ya fito, su san girman tauraron da ba wanda zai taɓa zuwa wurinsa. Yara na ta fifita da kaye, wato littafin rubutu, saboda zafi, ni kuwa na manta da gumin da ke bin bayana.

Babana mai yankan gilashi da madubi ne a Sabon Gari, don haka guntaye ba su yi mani wuya ba. Kullum in na gama wanke-wanke da ɗebo ruwan famfo, ƙawayena na can ƙofar gida suna 'yar carafke, ni ina bayan madafa da fitilar kwano ina baƙanta gilashi. Na yanke yatsu har Inna ta ɓoye rezojin Baba cikin kwallarta. Da hutu ya zo aka kai ni Jiratawa wurin Kaka, mai lambun zogale a bakin hanyar ruwa. Da safe mu tsinki ganye mu ɗaure dami-dami, da hantsi in zauna ƙarƙashin mangwaro da dogon kwalin da na samo, ina daidaita madubi a baki, ƙofar haske a tsakiya, gilashin mai layi biyu a can ciki. Sati uku ban ga kome ba sai dishi-dishi. Ranar da zanen ya fito, Kaka ta leƙa ta daɗe, ta ɗago ta ce, "To, ke kuma rana kike tsefewa."

Da aka koma lakwal bayan hutu na kai wa Mushe akwatin a makaranta. Ya jujjuya akwatin, ya leƙa sau uku, ya ce za a yi gasar makarantu a Tibiri, kuma wannan ne zai wakilce mu. Ya ce in bar shi wurinsa a gyara mashi jiki, ranar Asabar in zo da sassafe mu tafi tare. Inna ta goge mani sabon zanena da gawayi. Asabar na iso ƙofar makaranta, mai gadi ya ce mota ta daɗe da tashi. Na ɗauka mantuwa ce. Na ruga shagon Baba, ya rufe, ya goya ni a babur har Tibiri.

Akwatina na kan tebur a tsakiyar fili, an shafe shi da shuɗin fenti, an manna takarda da sunan Bashir, ɗan ajinmu, ɗan wani Alhaji da ya saya wa makaranta bencinan zama. Alƙalan gasa na tsaye, Bashir na ta juya madubi, ba abin da ya fito, don wurin fenti an karkata gilashin. Mushe ya hango ni. Bai ji kunya ba, ko kuwa ya iya ɓoye ta. Ya yafito ni ya ce a hankali, "Zuwaira, zo ki daidaita mashi, sunan makarantarmu ne." Na je. Har yau ban san dalili ba. Na sa yatsa na miƙar da gilashin, zanen ya fito, aka tafa wa Bashir, na koma bayan mutane. Baba ya so ya yi magana, na riƙe mashi hannun riga. A hanyar gida ya tsaya ya saya mani rake.

Ban sake ɗaga hannu a ajin Mushe ba, kuma da shekara ta ƙare na bar ɓangaren kimiyya. Yanzu ɗinki nake yi a unguwar Zariya, nan Maraɗi. Kwanan baya ɗiyata ta nuna mani a waya wasu manyan madubai a kan dutse cikin hamadar wata ƙasa, haskensu na bi ta ramuka ƙarƙashin ƙasa ya haɗu a kan na'urar da ke iya jin ɗan ƙanƙanin haske. Tana yi mani bayani tana sauri, ni kuwa na riga na gane tun kafin ta kai rabi. Ta tambaye ni ina na sani, na ce an taɓa koya mana. Wanda ya buɗe mani wannan ƙofa shi ya rufe ta, kuma ni na bar shi.