Tayoyin Arezki a Ɗakin Sanyina

Ni mahauci ne, kuma tun da na kama wuƙa, abin da yake kwana a ɗakin sanyina bai wuce rago da saniya ba, sai fa shekarar da Arezki ya gangaro mini da tayar mota.

Arezki sa'ana ne. Tare muka yi kiwon awaki a bayan ƙauye tun kafin a kawo kwalta nan saman dutsen Jurjura. Ya daɗe yana jan motar haya tsakanin ƙauyenmu da gari kafin ya ajiye. Ba ya cin haƙƙin kowa, wannan kam zan shaida, amma wallahi ban taɓa ganin mai zargi irinsa ba. In ya sayi tukunyar gas sai ya ɗaga ya girgiza ta a kunne. Man zaitun da aka matse daga itatuwansa, a gaban idonsa, sai ya shinshina ya ce kamar an surka da na wani. Ni kaina in na yanka masa nama yakan juya ya leƙa ƙasansa, sai ka ce jaki na ɓoye a ciki. Matarsa Ferruja ce kaɗai ta iya zama da shi, ita ma da shiru ta iya.

Da ciwon ƙoda ya kama Ferruja, ya zama dole a riƙa sauka da ita asibitin gari ana yi mata wankin ƙoda, ba fashi. In aka tsallake rana ɗaya ƙafafunta su kumbura, numfashi ya nemi gagararta. Ɗansu da ke Faransa ya aiko musu da jif, babba, mai ja da ƙafa huɗu. Arezki ya shimfiɗa mata bargo a kujerar baya, ya ajiye matashi a jikin ƙofar dama, don a kwance ta fi samun sauƙin tafiyar.

Mu nan in ka ce jif, to magana ta ƙare, sai dai a jefa sarƙar da ake ɗaura wa taya a but saboda dusar ƙanƙara. Gaskiya ne tana hawa kamar akuya. A gangara ake jin jiki. Akwai wata kwana wajen idon ruwa, inda ruwa ke malala a kan kwalta ya daskare, kuma a nan jif ɗin ta taɓa sulalewa da su a hunturun farko, Allah ne kawai ya tsayar da ita. Ita kuma sarƙa sai ka ɗaura a sama, ka kwance a ƙasa inda kwalta ta bushe, tsoho na durƙushe da sandararrun yatsu, mara lafiya na rawar ɗari a mota. Shi ya sa da aka gama shanyar ɓaure a shekara ta biyu, Arezki ya ce zai sayi tayoyin hunturu, kuma masu daraja ta ɗaya.

Neman mai sayarwa bai zama wahala ba, don mijin 'yarsa Luwiza, wato Yidir, shagon taya gare shi a gindin dutse. Yaro ne mai fara'a, kuma fara'ar ce laifinsa na farko a wurin Arezki. Ya sa aka kawo guda huɗu daga babban birni, baƙi wuluk, da tambarin tsauni da ƙwayar dusa a gefe. Ya yi wa surukin nasa bayani cewa robarsu ba ta sandarewa a sanyi kamar ta sauran tayoyi, shi ya sa take riƙe ƙasa. Sannan ya yi babban kuskure, ya ce ba zai ci ribar ko dinari ɗaya ba tunda don Nna Ferruja ne. Nna muke ce wa babbar mace don girmamawa, namiji kuma Dda.

Da yamma Arezki ya same ni ina wanke katako.

"Mukran, ka taɓa ganin ɗan kasuwar da ya ƙi riba?"

Na ce na gani, surukinsa.

"To me yake ɓoyewa?"

In za a yi adalci, zarginsa ba daga sama ya faɗo ba. An taɓa sayar masa da tayoyin gwanjo da aka sake tsaga musu zane da wuƙa mai zafi, aka shafa baƙin mai, suka fashe masa da fasinja cike da mota. Tun daga nan kowace taya maƙaryaciya ce a wurinsa sai ta kawo shaida. Ya ce tambari kowa na iya bugawa, laushin roba kuma baki ne ya faɗa. Shi so yake ya gani da idonsa, kuma wurin da ya fi ko'ina sanyi a ƙauyen nan kafin dusa ta sauka, ɗakina ne. Wato taya yake so ta kwana a ciki.

Na ce a kai kasuwa. Wa zai sayi nama mai warin gareji? Ya tsaya yana murza gefen alkyabbarsa, ya ce ba don kansa ba ne, Ferruja ce za ta kwanta a kai. To me zan ce? Na sa aka naɗe sabuwa ɗaya da tsohuwa ɗaya a buhu, muka jingina su a bayan cinyar saniya.

Washegari ya riga ni zuwa ƙofar shago. Ya danna farce a tsohuwar, ta ƙi kamar itace. Ya danna a sabuwar, farcen ya nutse, robar ta dawo a hankali. Na ce alhamdu lillahi, a je a ɗaura. Sai ya ce ai wannan ita ce Yidir ya miƙo masa da hannunsa. Haba, ji nake kamar in rufe shi a ɗakin shi ma! Ya koma ya zaɓo ta biyu da kansa, ita ma ta kwana, ita ma ta ci jarrabawa. Kafin nan mata sun fara dawo mini da hanta suna cewa tana ƙamshin faci, masu shan gahawa a dandali kuma sun raɗa mini suna likitan taya. Ga shi an kawo mini shanun biki sun cika ɗakin. Na ce sauran biyun sai an sha biki.

Labari ya gangara har shagon Yidir. Luwiza ta zo gida ta yi kuka, ta ce an mai da mijinta ɓarawo a bainar jama'a. Rannan Arezki ya kai wa Yidir jif ya ce a ɗaura biyun da aka gwada a gaba, a bar tsofaffin a baya.

"Ba zan ɗaura ba, Dda Arezki. Gaba zai kama, baya ya sake ka. Gara ma tsofaffin duka huɗu da haka."

Arezki ya ce ya yi tuƙi tun kafin a haife shi, kuma kowa a dutsen nan gaba yake sa sabuwar taya, tunda a nan sitiyari yake. Gaskiya ne, haka muke yi, haka iyayenmu suka yi. Ni ma da ya ba ni labari na ce a wannan kam yana da hujja. A ganinsa Yidir so yake ya cusa biyun da ba a gwada ba, su fake a bayan masu kyau. Ya koma gida ya ɗauko jak ya ɗaura biyun a gaba da kansa, sauran biyun ya kulle su a ɗakin itace.

Dusa ba ta jira an sha biki ba. Muka wayi gari ƙauye ya yi fari fat, kuma ranar wankin Ferruja ce. Maza suka fito da shebur kamar yadda aka saba, ni na kama ƙofar gidan Arezki. Muna cikin kwashewa sai ga Yidir ya hauro da motarsa ta ɗaukar kaya, irin tayoyin nan ne a ƙafafunta duka huɗu. Ya sauko da jak a hannu, ya gaishe da surukinsa, ya roƙi a ba shi mabuɗin ɗakin itace, ya ce kafin Nna ta gama shiri ya ɗaura. Arezki ya ce ba a ɗaura wa matarsa abin da bai gwada ba.

Ferruja ta fito a naɗe da mayafin ulu, Luwiza na riƙe da ita. Arezki ya buɗe mata ƙofar baya. Ta dubi tayar gaba, ta dubi ta baya, ta wuce shi ta nufi motar Yidir.

"Ina za ki?"

"Baban Luwiza, tun da na shigo gidanka kake shinshina abincina, ban taɓa ce maka komai ba. Yau ni ce ban yarda da kai ba."

A hankali ta faɗa, amma duk masu shebur sun ji. Na tausaya wa Arezki, don na ga fuskarsa. Aka ɗora ta a zaune tsakanin 'yarta da Yidir, suka kama hanya. Arezki ya tayar da jif, ya ce in shigo in zama shaida, zai bi su a baya don in tayoyin yaron suka ci amanarsu a samu mai ɗaukarta.

Tun daga ƙauye yake magana, yana nuna mini yadda gaban motar ke riƙe hanya. Kuma yana riƙewa ɗin. Yidir ya sha kwanar idon ruwa sumul, ya ɓace a bayan dutse. Arezki ya rage gudu, ya taɓa birki kaɗan, ya murza sitiyari yadda ya yi shekara da shekaru yana yi. Gaban ya bi. Bayan kuwa ya yi gaban kansa. Na ji motar na juyawa da mu sannu a hankali kamar ƙofa, ina salati, sai ƙara.

Babu abin da ya same mu. Katangar duwatsun da aka gina wa idon ruwan ce ta tare mu, kuma ƙofar baya ta dama ce ta sha dukan. Ta lotsa har tsakiyar kujera. Matashin Ferruja na nan a matse tsakanin ƙarfe da ƙarfe, gilashi ya zube a kansa.

Arezki ya fito ya tsaya yana kallon matashin, dusa na taruwa a kan hularsa. Na ciro waya zan kira Yidir, ya riƙe mini hannu.

"Bar su. Kada ta makara."

Bayan an gyara jif ɗin, da kansa ya kai sauran biyun shagon Yidir, yaron ya ɗaura, babu wanda ya tayar da zancen. Ba su taɓa kwana a ɗakina ba. Ferruja ta ji abin da ya faru, tunda a ƙauyenmu ba a ɓoye lotsattsiyar ƙofa, amma ba ta yi masa gori ba. Ba ta dai koma motarsa ba, har Allah ya karɓi abinsa a hunturu na uku.

Duk ranar wanki a tsawon wannan lokaci, ina tsaye a ƙofar shago nake ganin wucewarsu. Motar Yidir a gaba, da Ferruja a zaune a tsakiya. Jif na biye a hankali, da tayoyi huɗu da babu waɗanda suka fi su a dutsen nan, da sabon matashi a jikin ƙofar dama, Arezki shi kaɗai a ciki.