Makullin da Ke Bakin Mayafin Malama

Jiya 'yata ta dawo daga lekol, makarantar da take koyarwa, hannunta fari fat da alli, ta ce an sake ba namiji kujerar direkta. Sai Malama ta faɗo mini a rai.

Ita ta koya mana karatu a Garwa, mu matan aure, da la'asar bayan ta sallami yara. Makullin ofis kullum yana ɗaure a bakin mayafinta. Ita ke buɗewa, ita ke rufewa, amma kujerar ba a taɓa ba ta ba. Dattawan unguwa sun ce ba za su tuɓe takalmi su gaida mace a ofis ba.

Ina tsaye ranar da aka kawo sabon direkta, wanda ita ta koya wa baƙi da wasali yana yaro. Da ta zo miƙa masa makullin, ƙullin ya ƙi kwancewa, sai da ta sa haƙori.

"Inna, ki yafe ni," in ji shi, kansa a ƙasa.

"Karɓa, ɗana. Ƙofar takan cije, sai ka ɗan ɗaga ta."

Tsatsar makullin ba ta fita daga mayafin ba har ta rasu. Allah ya jiƙan Malama, ya buɗe mata ƙofar da ba mai karɓe makullinta.