Zagaye Sittin da Uku na Badaru Rewaya

A Gaya, in aka ambaci Badaru Rewaya, abin da tsofaffi za su fara cewa shi ne, "Au, wannan da ba ya amsa sallama?" Abin da suka riƙe ke nan. Mutum ya yi shekaru yana tayar musu da matattun injuna, amma wannan ce shaidar da ta rage masa a bakin gari. Abin da ciwo wallahi.

Ɗan ƙauyen Balan ne. Ubansa ya rasu yana goye, ƙanin uban, Baffa Kabo magini, ya ɗauke shi ya riƙe. Baffa Kabo mutum ne mai hannu. In ya ɗaura bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginin da ke riƙe rufin soro, ya jera azara a ciki ya rufe ta da ƙasa, jikokin mai gidan ma sai sun kwana a ƙarƙashinsa. Mai hannu ne, kuma mai zuciya. Ya so Badaru ya gaji cuɗa ƙasa, shi kuwa Badaru ya gudu Kano shekarar da aka sami mulkin kai, ya shiga koyon gyaran wutar mota wurin wani Ibo a Sabon Gari. Shekara shida ya yi, har rikicin da ya sa maigidan nasa ya tattara ya tafi, ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba. Badaru ya dawo da akwatin kayan aiki guda, ya kafa rumfa a bakin tashar Gaya, sana'ar naɗin waya ta ja masa sunan Rewaya.

Gwanintarsa naɗin amecha, wato dunƙulen ƙarfen nan mai tsaga-tsaga da ke juyawa a cikin inji, wanda ake naɗe shi da jar waya har ya ba da wuta. In ya ƙone, sai an warware tsohuwar wayar an naɗa sabuwa, kuma zagayen sai ya zo daidai da na da, ba ƙari ba ragi. Badaru ba shi da takardar da zai duba. Da kai yake ƙirgawa yayin da yake warwarewa, hannu biyu a kan aiki, leɓe na motsi. Maigidansa ya koya masa da ranƙwashi cewa mai ƙirga ba ya da baki. Don haka in ya fara, ko wa ya yi sallama sai ya jira.

To, a ƙasar da ake tambayar mutum gajiya da gida da iyali kafin a tambaye shi hanya, ka san yadda wannan za ta kaya. Aka ce girman kai ne. Aka ce zaman Sabon Gari ne ya cinye masa tarbiyya. Direbobin motocin gyaɗa dai ba su fasa kawo aiki ba, suna zaginsa suna jira a inuwa.

Shi maganar gari ba ta dame shi ba. Abu ɗaya yake so a duniya, Baffa Kabo ya tako ƙafarsa rumfar nan, ya ga aikin, ya sa masa albarka. Duk Sallah sai ya je Balan ya durƙusa. Wata shekara har ya yi ƙarfin hali ya ce, "Baffa, ai aikina ɗan'uwan naka ne. Kai azara kake ɓoyewa a cikin ƙasa, ni waya nake ɓoyewa a cikin ƙarfe. Duka abin da ba a gani shi ke riƙe da aikin."

Baffa ya ce, "Azarata daga giginya take, na san uwarta. Wayarka ɗiyar wa ce?" Ya juya ya ci gaba da tufkar igiyarsa.

Shekara bakwai ana haka, sai farin nan na saba'in da uku ya zo. Rijiyoyi suka ƙafe. A Gafasa, can wajen Ajingi, abin da ya rage wa mutane da dabbobi rijiyar burtsatse ce guda, mai famfo da janareto. Ana tsakiyar bazara janareton ya ƙone. Mutanen Gafasa suka ciro amechan, suka naɗe shi a buhu, suka ɗoro shi a jaki har Gaya, ranar kasuwa.

Badaru ya buɗe buhun ya duba. Wayar duk ta narke ta manne, saura ɗauri ɗaya tak da za a iya ƙirgawa, shi ma ya gasu, kana taɓa shi yana karyewa yana zuba ƙasa. Ƙirga ɗaya za a yi masa. In lissafi ya kuɓuce, babu inda za a koma a duba, sai dai a kai Kano a bi layi wata guda, Gafasa kuwa ko mako ba za ta kai ba. Ya yi bisimilla, ya sunkuya, ya fara.

Yana kan ashirin da ɗaya ya ji sallama. Muryar da ya shekara bakwai yana jira.

Bai ɗaga kai ba, amma ya ga ƙafafun, ya ga bakin farar rigar da Baffa ba ya sa ta sai Juma'a. Daga Balan ya tako, tsoho, a wannan rana. Kuma Baffa ba mutumin da za a jefa wa amsa daga zaune ba ne. Sai an miƙe, an tuɓe takalmi, an durƙusa, an bi gaisuwa har ƙarshenta. Wayar tana tsakanin yatsun Badaru tana marmashewa. Ashirin da biyu. Ashirin da uku.

Sallama ta biyu ta zo a kan arba'in. Masu rake da masu goro na tashar duk suka juyo. Wani daga cikin mutanen Gafasa ya buɗe baki zai yi bayani, Baffa ya ɗaga masa hannu, shi ba da shi yake ba. Hawaye ya cika idon Badaru har wayar tana rabuwa biyu a ganinsa, amma leɓensa bai tsaya ba.

Ta uku ta zo a kan hamsin da takwas. Kowa ya san hukuncin sallama uku, in ba a amsa ba, juyawa ake yi. Ƙafafun suka juya.

Sittin da uku. Badaru ya wawuri gawayi ya zana adadin a jikin bango, ya ruga ba takalmi. Ya cim masa wajen masu tukwane, ya zube a gabansa cikin mutane. "Baffa, ka yi mini rai. Ruwan Gafasa ne a hannuna."

Baffa bai dube shi ba. Ya ce, "Koma wurin ubanka ƙarfe, na ga kuna ganawa." Ya raɓa shi ya wuce.

Cikin kwana uku Badaru ya gama naɗin. Famfon Gafasa ya tashi, aka sha, aka shayar, har daga ƙauyukan kewaye ake zuwa da jakuna. Shi kuwa ya nufi Balan. Ya tarar da Baffa a zaure yana tufka, ya yi sallama sau uku, tsoho bai ko tsayar da hannu ba. Inna Gaji, matar Baffa, ita ta biyo shi bayan gida tana share ido da gefen zane.

Ta ce, "Kai ma dai, ɗan nan. Labari ya iske shi cewa duk Gafasa kai take jira. Tun asuba ya sa na ɗauko masa rigar. Cewa ya yi bari ya je ya sa wa yaron nan albarka a gaban mutane, ya isa haka."

Sau huɗu Badaru yana komawa, har da rakiyar liman, ba ta sake zani ba. Kafin ruwan farko ya sauka, Baffa Kabo ya rasu.

Daga nan Badaru ya sauya. Ko yana tsakiyar ƙirga, kowa ya yi sallama sai ya saki waya ya miƙe, ya bi gaisuwa har ƙarshe. Lissafi ya riƙa kuɓuce masa, yana cikewa da ka. Injin da ya naɗa sai ya yi wata biyu ya ɗau zafi ya ƙone. Direbobi suka koma kai aikinsu Wudil. Mutanen gari kuwa suka ce alhamdu lillahi, Badaru ya yi hankali, ya zama mutum. Su ɗin dai, da aka daina kawo aiki ya rufe rumfa ya koma noma, suka manta da hankalin, suka riƙe tsohon sunan.

Ya tsufa bai san shekarunsa ba. Amma in hira ta biyo ta kan shekarar fari, sai ya ce zagaye sittin da uku ne, ya faɗa maka inda kowace sallama ta same shi. In ya zo kan ta uku sai ya buɗe tafin hannunsa ya duba yatsun.

"Saura biyar fa," yake cewa. "Biyar kacal."