Layar da Ban Kwance Ba

A shekarata ta uku a jami'a aka damƙa mini na'urar auna maganaɗisun ƙasa, saboda littafin awona ba ya da kuskure. Sanda ce doguwa mai kai biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, da ɗan allo da ake ratayawa a ƙirji. Bambancin da ke tsakanin kawunan biyu take nunawa, daga nan malaminmu yake gane inda dutsen ƙarƙashin ƙasa ya tsage, inda ake sa ran ruwa. Ni nake goge ta, in yi mata caji, in naɗe wayoyinta a hankali don kada su karye.

Aikinmu na gaske na farko a bayan Jisonayili ne, wata unguwa a Tamale. Famfon unguwar ya yi watanni bai kawo ruwa ba, motar haƙa borhol kuma rami ɗaya za ta yi musu ta wuce wani gari.

Mai ɗaukar na'urar ba ya barin ƙarfe a jikinsa. Na cire agogo da bel da waya da makulli, har da tabarau. Malam ya dube ni.

"Babu saura?"

Akwai laya a ƙuguna, mahaifiyata ta ɗaura mini ranar da na bar gida, kuma na san da ƙaramin zoben ƙarfe a bakinta. Amma abokan karatuna suna tsaye, har da wani ɗan Kumasi da ba ya barin abin tsokana ya wuce shi, ga shi sai na ɗage riga kafin in kwance ta.

"Babu, Masta."

Na yi ta bin layukan igiyar da muka shimfiɗa a filin, in je in dawo. A layi na tara layar ta zame zuwa gefen da sandar take. Lambobin allon suka yi sama. Na rubuta su da kyau, kamar kullum. Malam ya duba, ya ce a kafa turke a wurin.

Kwana uku ana haƙa. Mata suka jera jarkoki a gindin darbejiya. Wata tsohuwa kullum sai ta kawo mini koko, tana ce mini mai inji. Toka-tokar ƙura kawai ramin ya yi ta fitarwa. Rana ta uku direban ya kashe inji.

"Dutse ne kawai, Masta. Ruwa ba shi nan."

Malam ya ce haka ƙasar Tamale take, ba laifin kowa ba ne.

Da muka koma ɗakin ajiya na kwance layar, na kai ta kusa da kan ƙasa na sandar. Lambobin layi na tara suka fito. Na goge na'urar, na rufe akwatin, ban gaya wa kowa ba.

Bayan mako guda na bi ta wurin a keke. An toshe ramin da duwatsu saboda awaki. Matan suna kan hanyar dam, tafiyar awa guda, tsohuwar tana can baya. Ta ɗaga mini hannu.