Rabin Sa'ar da Yaya Rabi Ta Ƙara a Ɗakin Kallo

Shekara shida ke nan cif da rasuwar Hajiya Rabi, wadda nake kira Yaya duk da ba mu haɗa uwa ko uba ba. A shekarun nan an yi mata addu'a, an yi sadaka, an faɗi alherinta kamar yadda aka saba yi wa mamaci. Amma akwai wata magana da ke bin sunanta ƙasa-ƙasa a tsakanin masu zuwa Guangzhou saro kaya, kuma ni na fi kowa sanin inda ta samo asali. Na yi shiru tana da rai, na yi shiru bayan ta rasu. Bana 'yarta ta fara zuwa garin, maganar ta tare ta a hanya, don haka shirun ya ishe ni.

Shekara goma sha biyar muka yi muna tafiya tare. Ita ta fara kai ni China, lokacin ko gaisuwarsu ban iya ba. Ita ta koya mini in juya wandon jins in duba ɗinkin ciki kafin in kalli fuskar lauban, wato mai shago. Ta koya mini cewa in ya ce "meyo", wai babu, kada in motsa, in tsaya in zuba masa ido har ya tuna akwai. Ɗaki ɗaya muke kamawa a masauki kusa da kasuwar Guangyuan, kwantena ɗaya muke haɗa kaya, kwano ɗaya muke cin tuwon da muke tuƙawa a 'yar tukunyar lantarki. Ita ke yi mini kitso. In za mu tsallaka titi sai ta kama hannuna, wai ni ba na duba mota, rigunan da aka rataye nake dubawa. Mijinta ya rasu da daɗewa, manema sun zo har sun gaji, ta ce ita ta gama. Babu wanda ya taɓa ganin wani abu a cikin wannan duka, sai bayan wata ranar Juma'a.

An yi mana alkawarin wandunanmu a Xintang, garin masu ɗinkin jins, ranar Alhamis, aka ɗaga zuwa Litinin. Ga ruwan sama irin na garin, wanda in ya tsuge ba ya sanin ya isa. Muna zaune a masauki ni da Yaya Rabi da Hajiya Uwale, abokiyar sana'armu daga Kano, sai mijinta Alhaji Lawali, mutumin Maraɗi, ya dawo daga masallacin Huaisheng jiƙe sharkaf, ya ce zaman nan zai kashe shi. Lili, 'yar Chinar da ke yi mana tafinta da bin kaya, ta ce akwai wani bene nan kusa inda ake hayar ƙananan ɗakunan kallo, mutum biyar ko shida su shiga su zaɓi fim. Alhaji ya kafa mata sharaɗi da ɗan Turancinsa na kasuwa: kada a ga tsiraici, kada a ga rawa, kada a ga namiji da mace suna taɓa juna. Baiwar Allah ta yi ta duba hotuna har ta samo wanda ya cika sharaɗin tsaf. Mata biyu ne cikin dogayen riguna har ƙasa, wuya a rufe, hannu a rufe, babu namiji ko ɗaya a jikin hoton. Alhaji ya duba ya ce madalla, waɗannan ai sun fi wasu matanmu sutura.

Ban taɓa ganin fim mai tafiyar hawainiya irin wannan ba. Labarin zamanin da ne a wata ƙasar Turawa mai sanyi, lokacin keken doki da kyandir. Wata mai ɗinki ta zo wani babban gida don ta yi wa matar gidan tufafi. Shi ke nan fa. A zura zare a allura, mu jira. A buɗe taga, mu jira. Su kalli juna, a nuna mana bishiya, a dawo su sake kallon juna. Alhaji Lawali ya shiga da cika bakin shi zai fassara mana tunda yana jin Faransanci, sai ga shi ba Faransanci suke yi ba, rubutun ƙasa kuma na China ne. Bai yi minti ashirin ba ya fara minshari. Uwale ta ce da ta san zaman makoki za a kawo ta, da ta taho da carbinta. In mun tambayi Lili me suka ce, sai ta ce maganar sanyi suke yi. Tun tana faɗa tana kallonmu har ta koma faɗa tana kallon ƙasa. Daga baya na gane ta riga mu sanin inda aka dosa, kunya ce ta hana ta magana.

Mu kuwa mun riga mun tsara wa kanmu labari. Mun ce uwar ɗaki ce da 'yar ɗakinta, irin yadda muke yi a gida, babba ta ɗauki ƙarama ta yi mata sutura ta riƙe sirrinta. Da matar gidan ta zauna tana taje wa mai ɗinki kai, Uwale har ta zungure ni ta ce ga mu nan ni da Hajiya Rabi, muka yi dariya. Yaya Rabi ba ta cikin dariyar. Ta matso bakin kujera tana kallon hannun mai ɗinkin, ta raɗa mini cewa yarinyar nan da gaske ta iya riƙon allura, ba kwaikwayo take yi ba.

Sai da aka ci fiye da sa'a guda sannan abin ya fito fili, yadda ba ma buƙatar tafinta. Ba uwar ɗaki ba ce, soyayya ce. Uwale ta miƙe tana salati, ta tashi mijinta. Ya farka yana tambayar ko an gama, ya ga abin da ya gani, ya nemi ƙofa yana ta a'uzubillahi. Lili ta bi su tana ba da haƙuri, tana rantsuwar hoton kawai ta duba. Ni ma na ɗauki jakata. A bakin ƙofa na waiwaya, Yaya Rabi na zaune inda take.

"Yaya, taso mana."

"Ku je, Saude. Ina so in ga ko za ta bar ta ta tafi."

Rabin sa'a muka yi a tsaye a baranda muna jiranta. Da ta fito idanunta sun yi ja, tana goge hanci da bakin mayafi. Uwale ta dube ta sama da ƙasa, ta juyo ta dube ni, ta ce, "Hajiya, ashe abin ya ratsa ki." Yaya Rabi ba ta bi ta kanta ba, ta ce mu tafi kada la'asar ta wuce mu.

Da Uwale kaɗai ce ta yi zargi, da na rubuta wannan da sauƙin zuciya. Ni ma na yi. Washegari da safe Yaya Rabi ta ɗauko mataji ta ce in zauna ta gyara mini kitson da ya tsufa, na ce kaina na ciwo. Na zauna a bakin gado ina bin shekarunmu ɗaya bayan ɗaya. Me ya sa ta ƙi aure? Me ya sa ni ta zaɓa a cikin duk matan kasuwa? Turaren da take saya mini fa, da riƙon hannun nan? Abin da jiya nake kira kirki, yau na juya shi ina neman ɗinkin ciki. Ban sami komai ba, amma hakan bai kwantar mini da hankali ba, sai ma na ce wataƙila ban iya dubawa ba ne. Ranar Litinin a motar Xintang na tsallake kujerar da ta ajiye mini na zauna kusa da Lili.

Kafin kwantenarmu ta iso gida, maganar ta riga ta isa Kano. Ba wanda ya faɗe ta gaba-gaɗi. Sai dai a ce Hajiya Rabi ai mai kallo ce, a yi murmushi. Ko a tambaye ni, kamar ba komai, ko har yanzu ɗaki ɗaya muke kwana a can. Na ji tsoron ta kai kunnen maigidana da surukaina, tsoro ƙwarai. Tafiya ta gaba na kama ɗaki ni kaɗai, na haɗa kaya da wasu, na ce wa Yaya Rabi maigida ne ya ce a yi haka. Ƙarya nake yi, shi bai ma san ana yi ba. Ta dube ni ta ce to, Allah ya tsare hanya. Janyewar da na yi ita ta zama shaidar da masu maganar suka rasa, don kowa ya ce in babu komai me zai sa aminiyarta ta gudu.

Sau ɗaya ta nemi mu yi maganar. Mun haɗu a matakalar tashar jirgin ƙasa kusa da Guangyuan, kowa da jakar samfur a hannu, ta ce akwai abin da take so ta faɗa mini game da ranar nan. Na ce lauban na jirana. Babu wani lauban da ke jirana. Shekara uku muka yi daga gaisuwa sai gaisuwa, sannan ciwo ya kwantar da ita.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga yau. Yanzu da yawa cikin masu saro ba sa ma zuwa, ta waya ake nuna musu wando su ce a loda, ba wanda ya juya cikinsa. Ita da take shinshina yadi kafin ta yarda da rininsa, da ta yi faɗa har ta gaji. Fim ɗin ma an nuna mini a waya yadda ake ta musu a kansa. Wasu na cewa barci ya fi shi amfani, wasu na cewa ba su taɓa kuka irin na ranar da suka kalle shi ba, wasu na tsine wa duk wanda ya kalla, kuma in ka bincika guntun minti ɗaya suka gani. Na lura ba a daɗewa ana maganar fim ɗin sai a koma kan mai kallo, a fara tambayarsa shi me ya sa abin ya burge shi. Ina jin da Yaya Rabi na nan, taɓe baki za ta yi ta ce ai mu muka fara wannan tun a baranda.

Ba fim nake karewa ba. Ban ƙarasa shi ba, ba ni kuma da niyya. Har yau ban san me ya sa ta kuka ba. Wataƙila mijinta ta tuna, wataƙila wata ƙawar ƙuruciya da aure ya raba su. Wataƙila rabuwa ce kawai ba ta iya gani, don na sha ganinta tana hawaye a filin jirgi saboda mutanen da ba ta sani ba suna sallama. Wataƙila kuma wani abu ne da ta riƙe tsakaninta da Ubangijinta, wanda ba ta taɓa ɗora wa kowa ba, balle ni. Ta zo za ta faɗa mini, na ce ina sauri. Abin da na gani da idona shi ne shekara goma sha biyar a ɗaki ɗaya ban ga ta yi abin kunya ba, ban ga ta bar salla ta wuce ba. Kuma da yawa cikin matan da ke yi wa sunanta murmushin nan, ita ta fara nuna musu hanyar Xintang, ita ta tsaya musu lokacin da aka so a ɗora musu kayan da ba su zaɓa ba. Wannan shi ne abin da ta bari, kuma shi ya kamata in faɗa da ƙarfi tun a lokacin.

Bana Na'ima, 'yarta ta fari, ta ɗauki sana'ar, ta roƙe ni in raka ta tafiyar farko. A wani shagon riguna a Guangyuan wata Hajiya ta tambayi 'yar wace ce. Da aka faɗa mata sai ta yi irin murmushin nan, ta ce Allah sarki, 'yar mai kallo. Sai da muka zauna cin abincin rana sannan Na'ima ta tambaye ni me mahaifiyarta ta yi a garin nan. Na ba ta labarin kamar yadda na ba ku, ban rage nawa laifin ba.

"Anti, ke me kika ga ta yi?"

"Kuka."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Ta daɗe tana juya cokali a cikin shinkafa. Sannan ta ce a kwanakin da mahaifiyarta ta yi a asibiti, duk lokacin da aka turo ƙofa sai ta ɗago kai ta tambaya ko Saude ce. Su kuma sai su ce mata tana hanya, ga ma kunun da ta aiko.

Ba na hanya. Ina gida, tafiyar minti goma daga asibitin. Na san ɗakin, na san gadon, na san lokacin da ake barin masu dubiya su shiga. Kullum sai in dama kunu in ba direba, in zauna ina tunanin wa zai gan ni a bakin gadonta, me kuma zai je ya faɗa.

Allah ya jiƙan Yaya Rabi, ya yafe mata, ya sa ta huta da bakin mutane. Duk wanda ya karanta wannan, in ya sake jin an kira ta da sunan nan, ina roƙonsa ya ce aminiyarta ta ba da shaida a kanta, ko da ta makara da shekara tara.